Gwajin takarda, katin matakai ko agogon minti ɗaya: da wanne za a riƙa auna karatun yara?

Wata shugabar makarantar kuɗi ta taɓa baje mini takardun sakamakon 'yan aji biyu a kan tebur, fuskarta cike da fara'a. A darasin Hausa babu wanda ya faɗi, wasu ma sun haura maki tamanin. Na ce a kira mini yarinyar da ta zo ta uku. Na juya bayan wata takarda na rubuta "Kaka ta dafa wake", na miƙa mata. Ta dubi rubutun, ta dubi fuskata, sai ta rero mini jimlar farko ta littafin da suke bi a aji, tiryan-tiryan, har da ɗora yatsa a kan layi. Malaminsu bai yi ƙarya a maki ba. Hadda ya auna, ya rubuta ta a gurbin karatu.

Abin bai tsaya a wannan makaranta ba. Gwajin karatun Hausa da aka yi wa 'yan aji uku a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan gajeren labari. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta sauƙaƙan rubutu su fahimta, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya doshi tara cikin goma. Da yawansu suna zuwa makaranta, ana ba su maki, ana ciyar da su aji na gaba.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. A makarantar allo ba a jiran ƙarshen zango. Almajiri yakan durƙusa gaban malam ya biya allonsa shi kaɗai. In ya riƙe, a ce ya wanke a ƙara masa. In bai riƙe ba, ya koma ya ci gaba da nanatawa. Mai babbaƙu ba a ɗora masa aikin mai farfaru. Auna karatu a kai a kai ke nan: a saurari yaro shi kaɗai, a san inda ya tsaya, a ba shi abin da ke gaba da wurin. Da boko ta zo da aji mai mutum tamanin da manhaja mai gudu, sai sauraren ya ɓace. Hedimasta ko malamar da ke son dawo da shi za ta tarar da hanyoyi biyar a gabanta, kowace da mai tallata ta, kuma ba za ta iya ɗaukar su duka ba.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi a wurina: in ka gama gwajin yau, me sakamakon zai sa ka sauya gobe da safe? Maki 45 bai gaya wa malami komai ba. "Ya san baƙaƙe amma ba ya iya haɗa su da wasali" kuwa darasin gobe ne a shirye. Duk hanyar da ta faɗi a nan, sauran kyawunta ado ne.

Na biyu lokaci, kuma a nan ne shirye-shirye masu kyau suke mutuwa. A yi lissafi da aji mai yara 80. Minti biyar ga kowane yaro minti 400 ke nan, awa shida da minti arba'in. In minti goma sha biyar ne, awa ashirin cif. Malami ɗaya ne, kuma sauran yara 79 ba za su zauna su naɗe hannu suna jiran sa ba.

Sai kuɗi, na sayen farko da na kowane zango. Sai ƙarko: shin hanyar za ta rayu bayan ƙungiyar da ta kawo ta ta naɗe tabarmarta, bayan an yi wa malamin da aka horar canjin wurin aiki, bayan gara ta shiga kwabad ko damina ta yaye rufin ofis? Sai sauƙin koyo, wanda gwajinsa shi ne a ba malamai biyu yaro ɗaya a ga ko za su fito da amsa ɗaya. Na ƙarshe haɗari: yara su haddace gwajin, ko su firgita su kasa abin da suka iya, ko a laƙa wa yaro sunan daƙiƙi ya bi shi har aji shida, ko malami ya ƙara gishiri a sakamako don tsoron sufeto.

Akwai kuma sharaɗin da ya hau kan dukansu. A gwada yaro da harshen da ake koya masa karatu da shi. Katin Turanci da aka juya zuwa Hausa kalma da kalma ba katin Hausa ba ne.

Gwajin takarda na tsakiyar zango

Shi ne wanda kowa ya sani da sunan C.A., wato auna ɗalibi a kai a kai cikin zango. Tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 Nijeriya ta rubuta cewa a riƙa auna ɗalibi a kai a kai maimakon a rataye makomarsa ga jarabawa ɗaya. Niyyar mai kyau ce. A aikace sai ya koma gwaji na ɗaya, gwaji na biyu, a tara maki 30 ko 40, a cike da jarabawa.

Arha gare shi, alli ne da yagen takarda. Aji duka suna yin sa a darasi ɗaya, ba wanda ke buƙatar horo, kuma ba zai taɓa mutuwa ba tunda hukuma da iyaye suna neman sa. Aibinsa ɗaya ne amma babba: karatun yaro ɗan shekara shida ko bakwai a baki yake fitowa, takarda kuwa ba ta da kunne. Yaro yana iya kwafar "ba bi bu" daga allo da kyakkyawan rubutu alhali zane yake yi. Yana iya leƙa takardar na kusa da shi, a benci mai mutum biyar wannan ko sata ba a kiran sa. Sau da yawa malami ne ma ke karanto tambayar da ƙarfi, ya ɗauke wa yaro aikin da ake son gani. Kitso ake yi da kwarkwata.

Sashe ɗaya nasa nake karewa, wato shifta. In malami ya faɗi "ƙasa", "tsaba", "kwano" yara suka rubuta ba tare da an taɓa sa kalmomin a allo ba, takardar tana faɗin gaskiya. Wanda ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ka san lanƙwasar ce ta rage masa.

Katin matakai

Asalinsa Indiya. Ƙungiyar Pratham ta fara binciken ASER a 2005, inda 'yan sa-kai ke bi gida-gida a ƙauyuka da takarda guda suna sauraren yara. A takardar akwai haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi mai jimloli huɗu, da gajeren labari. Ana fara wa yaro da sakin layi. In ya karanta shi kamar mai magana, kuskurensa bai wuce uku ba, a haura da shi labari. In ya gaza, a sauko da shi kalmomi: ya zaɓi biyar, in ya samu huɗu ya tsaya a matakin kalma. In nan ma ya gaza, a sauko haruffa. Wanda bai kai haruffa huɗu cikin biyar ba shi ne mafari. Ba maki, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Sunan yaro kawai da alama a ƙarƙashin matakinsa.

Amfanin katin ya fito fili ne da aka haɗa shi da tsarin koyarwa na TaRL, inda ake raba yara rukuni-rukuni gwargwadon matakinsu na ɗan lokaci a kowace rana, ba gwargwadon ajinsu ba. Masu bincike na J-PAL, cibiyar nazarin hanyoyin yaƙi da talauci, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019, sun shafe shekaru suna gwada tsarin a Indiya. Abin da ya fi jan hankalina a sakamakonsu shi ne, inda aka raba wa malamai kayan aiki kawai aka tafi, ba a ga wani sauyi ba. Inda aka ware lokaci na musamman kuma aka samu masu zagayowa suna taimaka wa malamai, nan ne karatu ya motsa. Zambiya ta ɗauki tsarin a 2016. A Nijeriya an gwada shi a Borno daga 2018, sannan a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da Hausa.

Kuɗinsa takarda ce guda, in da hali a sa mata leda mai ƙarfi. Malami zai iya rubuta nasa da maka a bayan kwali. Ana koyon sa a yini ɗaya, kuma da wuya malamai biyu su saɓa a kan yaro ɗaya, sai dai a kan iyakar sakin layi da labari. Minti huɗu zuwa biyar ya ishi yaro, mafarin ma bai kai haka ba. Yara biyar a rana, kafin a fita tara ko yayin da sauran ke aikin rubutu, aji mai 80 ya ƙare a kwanakin makaranta 16.

Mai yin na Hausa ya kula da abu biyu. Ya saka matakin gaɓa tsakanin harafi da kalma, domin a nan ne yaranmu suka fi cijewa: yaro ya san "m", ya san "a", amma "ma" ta gagare shi. Wanda ya tsallake wannan gada, kalmomi irin su "masara" da "tulu" kan zo masa da sauri, tunda Hausa kusan yadda ake faɗar ta ake rubuta ta. Sannan kada ya cika katin da haruffa masu sauƙi. A sa ɓ da ɗ da ƙ, a sa tagwaye irin su sh da ts da ky da gw. Haruffan nan huɗu, b da d da ɓ da ɗ, sun isa su riƙe yaro wata guda in ba a lura ba.

Yana da rauni, kuma masu son sa ba su cika faɗa ba. Matakansa faɗi gare su, yaro na iya yin wata biyu a "kalma" yana ta ci gaba amma takarda ba ta nuna ba, malami ya karaya. Wanda ya kai labari kuma katin ya gama da shi, ba ya faɗin ko ya fahimta, sai in malami ya ƙara tambaya biyu ko uku da kansa, abin da nake ba da shawarar a yi. Tsarin TaRL an gina shi ne don 'yan aji uku zuwa biyar da aka bari a baya; a zangon farko na aji ɗaya kusan kowa mafari ne, katin ba zai gaya maka abin da ba ka sani ba. Yara kuma suna haddace shi cikin mako guda in ɗaya ne, har su riƙa rera shi a hanyar gida, don haka a tanadi iri uku ko huɗu ana juyawa. Babban haɗarin shi ne rukuni ya zama gida. In ba a sake gwaji bayan mako huɗu zuwa shida an ɗaga waɗanda suka ci gaba ba, an ƙirƙiri ajin daƙiƙai da sabon suna.

Agogon minti ɗaya

Wannan shi ne EGRA, gwajin karatun 'yan ƙananan azuzuwa, wanda cibiyar RTI International ta Amurka ta tsara a 2006 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, da Bankin Duniya. An yi amfani da shi a ƙasashe fiye da 60 da harsuna fiye da 100, kuma shi ne ya fallasa halin da ake ciki a Bauchi da Sakkwato. Cikakkensa sassa ne da yawa. A ba yaro takarda mai haruffa 100 a ga nawa zai furta sautinsu daidai cikin sakan 60. A ba shi gaɓoɓi. A ba shi ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, irin su "fize" ko "tomu", don a toshe ƙofar hadda, domin ba mai karanta su sai wanda ya iya haɗa baƙi. A ba shi labari mai kalmomi kamar 60 ya karanta minti ɗaya, a yi masa tambayoyi a kan iyakar inda ya kai. Sannan a karanta masa wani labarin a tambaye shi, don a rarrabe wanda karatu ya gagara da wanda harshen ne bai ji ba. In yaro ya yi shiru sakan uku a ce ya wuce gaba. In ya faɗi layin farko gaba ɗaya a dakatar da sashen, kada a wahalar da shi.

A zurfin bayani ba shi da na biyu. Yana nuna ainihin inda igiyar ta tsinke, kuma yana ganin ƙaramin ci gaban da katin matakai ba ya gani: daga kalma 9 a minti zuwa 17 labari ne mai daɗi ga malami da yaro duka. Amma kusan minti goma sha biyar yake ci ga kowane yaro, awa ashirin ɗin nan da muka lissafa. Yana buƙatar horo na kwanaki, domin riƙe agogo da bin layi da soke kuskure a lokaci ɗaya aiki ne, kuma sai an daidaita masu gwaji a kan abin da za a kira kuskure. Misali, yaron Sakkwato da ya karanta kalma da karin harshen garinsu bai yi kuskure ba, amma baƙon mai gwaji zai iya soke masa.

Tun asali an yi shi ne don a ɗebi samfurin yara a san halin jiha ko na wani shiri, kuma masu shi da kansu sun yi gargaɗin kada a mai da shi sandar dukan malamai ko ma'aunin ciyar da yaro gaba. Abin da ya dace da aji shi ne gutsurensa: labari ɗaya, minti ɗaya, tambaya uku. Wannan minti uku ne ga yaro, agogon wayar malami ya isa.

Haɗarinsa tsere. Da zarar yara sun gane gudu ake aunawa, sai su riƙa zubo kalmomi kamar masu kiran fasinja a tasha, ba waƙafi ba aya. A Hausa wannan ya fi muni, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, sai jimla ce ke raba su, kuma mai karatu nagari yakan ɗan dakata ya gyara. Agogo yana cin sa tara a kan abin da ya kamata a yaba masa. Saboda haka kada a taɓa rubuta adadin kalmomi ba tare da sakamakon tambayoyi a gefensa ba, kuma kada a aro adadin da aka tsayar wa yaran Amurka masu karanta Turanci a ɗora wa namu. A gwada yaro da kansa na watan jiya.

Akwai masu yin sa a kwamfutar hannu da manhajar Tangerine, wadda RTI ta fitar kyauta, tana aiki ko ba intanet, tana riƙe agogo tana haɗa lissafi. Ga mai bincike ni'ima ce. Ga makarantar ƙauye, kowace na'ura tana zuwa da caji da gyara da fargabar ɓarawo. Na kuma sha ganin sakamako ya haura ofis ta cikin na'ura bai sauko ba, malamin da ya ba da aron yaransa bai san me aka gano ba har zango ya ƙare.

Bin sawun kuskure

Marie Clay, masaniyar ilimi 'yar Niyu Zilan, ita ta shahara da wannan hanya tun shekarun 1970. Yaro yana karanta littafi, malami na riƙe da farar takarda. Kowace kalma da ta fito daidai ya yi mata alama. Wadda aka musanya, ya rubuta abin da yaro ya faɗa a sama da abin da ke littafi a ƙasa. Ya nuna wadda aka tsallake, da wadda aka ƙara, da inda yaro ya gyara kansa. Sai lissafi: kalma 100, kuskure 8, an samu kashi 92. Daga 95 zuwa sama littafin ya yi wa yaro sauƙi, ya karanta shi kaɗai. Daga 90 zuwa 94 shi ne na koyo tare da malami. Ƙasa da 90 ya fi ƙarfinsa, a canza masa.

Babu hanyar da ta kai ta nuna yadda yaro ke tunani. Wanda ya ga "tunkiya" ya ce "akuya" hoto ya kalla. Wanda ya ce "tukunya" harafin farko ya kama ya cike sauran da ka. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

Takarda da biro ne kuɗinta a ido, amma tsadar tana ɓoye. Sai da littattafai masu hawa-hawa, daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai cikakken labari, kuma na Hausa ba su wadata ba, ko da yake shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara sun samar da wasu, kuma shafin intanet na African Storybook yana da labaran Hausa kyauta ga mai iya bugawa. Hannu ba ya faɗawa sai an daɗe ana yi. Da gwajin da nazarinsa minti goma ne ko fiye ga yaro. Sannan akwai sukar da masana karatu da dama suke yi wa tsarin da ta fito daga ciki, cewa yana ɗaukar canka kalma daga hoto ko ma'ana a matsayin dabara. Ina tare da masu sukar, balle a Hausa da haɗa baƙi ke kai yaro kusan ko'ina. A ɗauki rubuta kuskuren, a bar koyar da canke.

Littafin lura da allon ɗagawa

 Kowane yaro da ɗan allonsa ko gutsuren kwali da alli. Malama ta ce "ku rubuta ƙa", ta ƙirga uku, kowa ya ɗaga. Cikin sakan goma ta ga aji duka, ta ga su wa suka rubuta "ka", su wa suka ɗaga allo fari fat. A littafinta akwai sunaye a jere da abin da ake koyo a makon, da alama uku: ya iya, ya kusa, bai fara ba. Shi kaɗai ne ke gyara darasi tun ana cikin sa, kuma shi ke maganin karatun amshi, inda yara goma ke ja saba'in na bin amo.

Rauninsa malamar ce da kanta. Ido yakan tsaya a layin gaba da masu ɗaga murya, yarinyar da ke can lungu ta yi zango ba a rubuta mata komai ba. Shi ya sa ake bin rajista bi da bi, biyar yau biyar gobe. In kuma aka mai da littafin abin da sufeto ke dubawa, za a cike shi daren jajibirin zuwansa, alamomi reras, duk na bogi.

| Hanya | Lokaci ga yara 80 | Kuɗi | Ƙarko | Koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gwajin takarda | Darasi ɗaya da duba takardu | Kaɗan | Sosai | Ba horo | Auna hadda da kwafi |
| Katin matakai | Kusan awa 7 | Kaɗan ƙwarai | Sosai | Yini ɗaya | Hadda, rukuni ya daskare |
| Cikakken EGRA | Awa 20 | Mai yawa | Sai da mai ɗaukar nauyi | Kwanaki | Tsere, hukunta malamai |
| Gutsuren minti ɗaya | Awa 4 | Kaɗan | Da dama | Yini ɗaya ko biyu | Gudu ba fahimta |
| Bin sawun kuskure | Awa 13 ko fiye | Littattafai | Yana bin malamin | Doguwar sabawa | Ƙarfafa canke |
| Lura da allo | Minti 5 zuwa 10 kullum | Allo da alli | Sai da naci | Sauƙi | Son kai, cike na bogi |

Wa ya dace da wanne

Malamar aji ɗaya ta riƙe allon ɗagawa da littafin lura, ta ƙara da shifta gajera duk mako. Katin matakai ya jira zango na biyu, sannan ma rabinsa na ƙasa, haruffa da gaɓoɓi, zai yi mata aiki.

Mai aji biyu ko uku a makarantar gwamnati mai cunkoso, kati ne nasa, ba na ko tantama. Farkon zango, tsakiya, ƙarshe. Amma kafin ya gwada yaro na farko, ya zauna da hedimasta su tsayar da lokacin da za a raba rukuni da wanda zai riƙe kowane rukuni. In babu wannan, ya bar gwajin, domin zai ɓata awa bakwai ne ya san abin da ba zai taɓa ba. Haka ma 'yan aji huɗu zuwa shida da aka ciyar gaba ba karatu. Su ne ma aka yi tsarin dominsu. A gwada su a keɓe, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya gwammace bulala da a ji shi yana lalube a "ba" gaban 'yan ajinsu.

Yaran da suka kai matakin labari a koma musu da gutsuren minti ɗaya da tambayoyinsa, sau ɗaya a wata, da sabon labari kowane karo.

Makarantar kuɗi mai yara 20 ko 25 a aji da ɗan ɗakin littattafai tana da sararin bin sawun kuskure, amma ko a can ba ga kowa ba. A ajiye shi ga yara uku ko huɗu da suka cije duk da ƙoƙarin da aka yi. In bin sawun ya nuna yaro yana matso da takarda kusa da hanci, ko yana rikita sautuka masu kama ko a magana, a ce wa iyaye su kai a duba idonsa da kunnensa kafin a ƙara masa darasi.

Cikakken EGRA na hukumar ilimi ne da ƙungiyoyi masu son sanin ko shirinsu ya yi tasiri, a kan samfurin makarantu, da masu gwaji daga waje. Sharaɗin da zan so hedimasta ya gindaya musu ɗaya ne: a dawo wa malamai da sakamakon ajinsu cikin harshen da za su yi aiki da shi.

Gwajin takarda zai ci gaba tunda takardar sakamako na neman lamba. A mai da rabinsa shifta, kuma a ƙara layi ɗaya a ƙasan maki da ke faɗin matakin yaro: "yana karanta kalmomi, muna aiki a kan jimla". Uba ko uwar da ba su yi boko ba sun fi gane wannan da 63 cikin 100.

Iyaye masu son dubawa a gida, kati ya ishe su, ko wa ko yaya mai karatun sakandare zai iya riƙe shi. A rubuta haruffa goma, gaɓoɓi goma, kalmomi goma da ba na littafin makaranta ba, da jimloli huɗu a kan abin da yaro ya sani, kamar zuwa rijiya ko sayen ƙosai. A zauna da shi bayan ya ci abinci, ba dorina a kusa, ba ƙanne na leƙe. Inda ya tsaya a rubuta kwanan wata, a kai wa malaminsa, bayan wata guda a sake da wata takardar daban.